Hannu Ɗaya Gare Shi

Duluth, 19 ga Oktoba

Dwight,

Ina gaishe ka, ina gaida matarka Noreen da jiki, da fatan aikin da aka yi mata a gwiwa ya yi kyau. Mu nan da sauƙi. Baba yana cin abinci, yana shan magani in na tsaya a kansa. To, na gama gaisuwa. Na yi ta ne don uwata da uwarka 'ya'yan wa da ƙani ne, ba su kuwa koya mana fara wasiƙa da zagi ba. Takarda na ɗauko da gangan, don na san in na kira ka a waya zan faɗi abin da zai hana mu zama a teburi ɗaya har abada.

Ranar Talata wani sabon shiga ya saka hotonsa na farko a zauren nan naku na intanet, na masu ɗaukar hoton jiragen tafki. Hoton jirgin da ake kira Alma Rundquist ne yana fita ta ƙarƙashin gada. Kai da kake shugaban zauren ka rubuta masa cewa ruwan ya karkace kamar zai zube daga hoton, an datse wa jirgin hanci, kuma duk wanda ba zai iya riƙe kamara da hannu biyu ba ya koya kafin ya nuna wa mutane. Bai ishe ka ba, ka ɗauki hoton ka miƙar da shi, ka goge wani ɗigo ruwan lemo da ke kan jirgin, wai yana ɗauke hankali, ka liƙa naka a ƙarƙashin nasa ka ce ga yadda ake yi.

Sabon shigar nan Baba ne. Ɗigon da ka goge kuma Leland ne, ƙanena, cikin rigar aikinsa.

Ka san shekara shida ke nan Baba da Leland ba sa magana, tun abin da ya faru ranar jana'izar Mama, kana wurin ai. Abin da ba ka sani ba, tun da ɓarin jikin Baba na dama ya shanye bara, duk lokacin da jirginsu zai wuce ta mashigar Duluth, Leland yana fitowa ya tsaya jikin ƙarfe ya ɗaga hannu. Ba ya kira, ba ya rubutu, hannun nan kaɗai. Shi ne ke fitar da Baba daga gida. Ni ke tura shi a keke har bakin ruwa, ya kifa kamarar ƙasa a sama don maɓallin ya zo daidai babban yatsansa na hagu, ya danna sau ɗaya da sauri, ya sake ta a igiyar wuya, ya ɗaga wa ɗansa hannu kafin jirgin ya wuce. Hannu ɗaya gare shi, Dwight. Da shi zai ɗauki hoto, da shi zai gaisa. Yaya kake so ruwa ya miƙe?

Ni na matsa masa ya shiga zauren, na ce ai na ɗan'uwa ne, za a karɓe shi hannu bibbiyu. Na ji kunya, kuma raina ya ɓaci irin ɓacin da na daɗe ban yi ba. Tun ranar ya sa kamarar a saman firiji inda hannunsa ba ya kaiwa, ni ya sa na ɗora masa.

Ba na son ya sake buɗe na'urarsa ya ga abin nan. Ka san yadda za ka yi.

Marlys

Thunder Bay, 30 ga Oktoba

Yaya Marlys,

Wasiƙarki ta iso jiya, kwana goma tana hanya. Noreen tana takawa da sanda, ta ce a gaishe ku. Ki gaishe mini da Baba Orrin, in zai amsa.

Na karanta sau uku, ba zan ɓoye miki ba. Amma ki bari in faɗi nawa, tun da ke kin faɗi naki har da ƙari. Wanda ya saka hoton nan ya rubuta sunansa “Tsohon Mai Walda”, babu hoton fuska, babu bayani ko layi ɗaya. Ta ina zan san Baba ne? Mutum dubu tara ne a zauren. Kuma ba a sashen nuni ya saka ba, inda ake cewa sannu da zuwa a wuce. A sashen gyara ya saka, ya kuma danna ɗan akwatin da ke cewa na yarda a taɓa hotona. Duk wanda ya danna wannan ya ce mana ne ku yi mini fiɗa. Haka muke yi shekara goma sha huɗu, ni ma haka aka yi mini, wani tsoho daga Sarnia ya taɓa ce mini hotona kamar an ɗauka ta cikin kwalbar madara. Na yi fushi mako guda, daga baya na gode masa.

Ke ba ki ga abin da yabon ƙarya ya yi wa sauran zaurukan ba. Mutum ya saka hoton da ko jirgin ba a gani, mutum ɗari su ce kai, ya yi kyau, shekara biyar yana nan inda yake. Ban kafa zauren nan don a riƙa shafa wa juna mai a baki ba. Ruwan ya karkace, Yaya, wannan gaskiya ce ko wa ya ɗauka. Ɗigon nan kuma, in kin duba a girman da aka saka, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Na ɗauka robar ceto ce aka rataye.

Maganar hannu biyu ce kaɗai ba ni da bakin karewa. Abin da muke faɗa wa kowane sabon shiga ne, bakina ya saba, ban taɓa tsayawa na yi tunanin wa ke ɗaya gefen ba. Da na san shi ne, ko kusa ba zan rubuta ba.

Abin da kika nema na yi. Na cire komai daren jiya kafin in kwanta, babu abin da zai gani in ya buɗe. Ina fata hakan ya kashe maganar.

Ƙaninki,
Dwight

Duluth, 11 ga Nuwamba

Dwight,

Lafiyarmu ƙalau, in za a kira wannan lafiya. A gaida Noreen, ita ba ta yi mini komai ba.

Wa ya aike ka? Naka na ce ka cire, wanda ka goge Leland a ciki. Kai kuma ka kwashe shafin gaba ɗaya, da hotonsa da duk abin da aka rubuta a ƙasa. Tun kana yaro haka kake, a ce ka share tsakar ɗaki ka zubar da tabarma.

Bari ka ji abin da ka zubar. A cikin mutum goma sha ɗaya da suka biyo bayanka suna tofa albarkacin bakinsu, wannan ya ce haske ya yi yawa, wancan ya ce ya sayi wata kamarar, akwai mace ɗaya daga Marquette da ta rubuta layi biyu kacal. Ta yi masa sannu da zuwa, ta tambaya wane ne mutumin da ke ɗaga hannu a kan jirgin. Ita ta gan shi, ka ji, ba ta ce robar ceto ba ce. Ashe Baba, duk da ya ajiye kamara, kullum da safe yana buɗe shafin ya wuce naku ya karanta nata. Kwana uku yana haɗa mata amsa da yatsa ɗaya, ya rubuta ya goge. Ranar da ya gama ya zo turawa, sai ya tarar babu shafin. Ya kira ni daga kicin, ya nuna mini, ya ce, “Sun kore ni.” Na yi ta yi masa bayani har bakina ya bushe, ya ce in bari, ya shekara talatin da biyar a wurin gyaran jirage, ya san yadda ake sallamar mutum ba tare da an faɗa masa ba.

Akwai kuma layi ɗaya a wasiƙarka da ya fi komai ƙona mini rai. Ka ce da ka san shi ne ba za ka rubuta ba. Wato in uban wasu ne babu laifi? Tsofaffi nawa ka yi wa haka cikin shekara goma sha huɗun da kake tinƙaho da su, waɗanda ba su da 'yar da za ta rubuto maka? Kana ƙirga dubu tara da suka zauna, ka taɓa ƙirga waɗanda suka saka hoto ɗaya ba su sake dawowa ba? Akwatin da kake fakewa da shi, ni na danna masa, na ɗauka na yarda da dokokin zaure ne. Ku da kuka rubuta shi ku kaɗai kuka san ma'anarsa.

Ban ce ka yi masa ƙarya ba. Baba mai walda ne, in ɗinkin ƙarfe ya karkace shi zai fara faɗa, yabon banza kuma ya fi ka ƙinsa. Tambaya ɗaya za ka yi masa kafin ka zaro wuƙa, me kake son nunawa a hoton nan. Da ya faɗa maka.

Sau biyu jirgin Alma Rundquist ya wuce tun ranar, bai je ba. Muna jin ƙahonsa daga gida, ya ƙara ƙarar rediyo. Ni na je ni kaɗai karo na biyu. Leland ya fito, ya duba gefena inda keken yake tsayawa, ya ɗaga mini hannu rabi. Tsakiyar Janairu za a rufe ƙofofin mashigar jirage da ke Soo, jirginsu kuma a Toledo zai yi hunturu, ba za a sake ganinsa nan ba sai ƙarshen Maris. Likitan zuciyar Baba bai yi mana alkawarin Maris ba. Wannan shi ne abin da kake wasa da shi.

Marlys

Thunder Bay, 2 ga Disamba

Yaya Marlys,

Ina gaisuwa. Kin ji ni shiru, ba raini ba ne, takarda huɗu na yaga. Noreen ta ajiye sanda. Ta karanta wasiƙarki ta ce kin yi mini da sauƙi.

Shafin ba zai dawo ba, na gwada duk dabarar da na sani. Na koma na karanta ƙarshen wasiƙarki ta farko, har yanzu ina ganin duk wanda ya karanta “ba na son ya ga abin nan” zai yi abin da na yi, amma na daina gardama a kai. Matar Marquette na nemo ta, sunanta Ardith, na faɗa mata ko wane ne a kan jirgin, ta ce za ta rubuta wa Baba da kanta.

Tambayarki kuma na je na ƙirga, tun da kin ce in ƙirga. A shekara biyun da suka wuce, mutum ɗari huɗu da wani abu suka saka hoto ɗaya a sashen gyara ba su ƙara ba. Na kai wa sauran shugabannin zauren, na ce daga yau hoton farko na kowa ba a taɓa shi, ko ya danna akwati ko bai danna ba, kuma sai an tambaye shi abin da yake nufi kafin a ce uffan. An yi rigima ba kaɗan ba. Biyu sun fice, ɗaya ya ce na mayar da zauren gidan renon yara. Abokina ne na shekara goma, yanzu ba ya amsa mini.

Amma akwai abin da ba zan ɗauka ba, ko kin fi ni shekaru. Kin ɗora mini shirun shekara shida a ka. Ni na hana Baba Orrin ɗaukar waya ya kira ɗansa? Ni na hana Leland sauka daga jirgi ya taka titi takwas zuwa gidan ubansa, alhali suna kwana guda suna lodin tama a tasharku? Ke kina tsakaninsu kina tura keke, kin taɓa buɗe baki kin ce musu abin da suke yi shirme ne? A kaina kika iya faɗa don ni ne mai sauƙin zagi.

Na rubuta wa Baba tasa wasiƙar daban, kada ki buɗe masa. Na ba shi haƙuri ba tare da kwana-kwana ba. Sannan na yi masa magana irin ta mai aiki da mai aiki, don na san abin da zai ji ke nan. Na saka masa wani mariƙi da na ƙera a gareji, ana ɗaura shi jikin kamara, maɓallin ya dawo hagu, ba sai ya kifa ta ba. Na kuma zana masa yadda zai kunna wani layi da ke fitowa a allon kamarar, ja ne in an karkace, in an daidaita ya koma kore. Ya zuba masa ido kawai, in ya yi kore ya danna. In ya samu hoto ɗaya miƙaƙƙe, da hannuna zan kafa shi a saman zauren.

Dwight

Duluth, 15 ga Disamba

Dwight,

Gajeruwa ce wannan. Muna lafiya, dusar ƙanƙara ta kai gwiwa.

Maganar da ka yaɓa mini a kan Baba da Leland ta yi zafi, kuma ba huruminka ba ne. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba saboda ita. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Ya sa na sauko masa da kamarar. Wasiƙarka ya karanta ya ninke ya sa a aljihu, sannan ya ɗauki mariƙin ya juya ya juya ya ce ɗinkinka na yara ne amma zai riƙe. Yanzu kullum yana bakin tagar kicin yana auna katangar maƙwabta, yana jiran layi ya yi kore. Hannun yana rawa, sai ya ɗauki minti guda kafin ya samu, in ya samu ya yi tsaki irin na jin daɗi. Ardith ta rubuto, ya amsa mata.

Leland zai yi fitarsa ta ƙarshe ranar takwas ga Janairu, in ƙanƙara ta bari. Baba ya ce za shi. Ban ce na yafe maka ba, amma na gode.

Marlys

Duluth, 9 ga Janairu

Dwight,

Ina fata kuna lafiya. Mu mun je.

Sanyi ya yi sanyi, ruwan yana hayaƙi, na naɗe shi da bargo biyu. Wajen sha ɗaya na safe aka ɗaga gada sama don a ba shi hanya, jirgin ya taho a hankali yana fasa ƙanƙara. Tun daga nesa Baba ya ɗora kamarar a ido. Leland ya fito inda ya saba tsayawa. Da ya hango keken sai ya cire hular sanyinsa, a wannan sanyin, ya ɗaga ta sama yana kaɗawa da hannu duka. Ban taɓa ganin ya yi haka ba. Na ce Baba ga shi nan, ga Leland. Ya ce kada in girgiza shi. Na sake faɗa, na dafa kafaɗarsa, ya daka mini tsawa ya ce saura kaɗan ya yi kore.

Jirgin nan tsawonsa ya kai titi uku, amma inda mutum yake tsaye ba ya ɗaukar rabin minti ya wuce ka. Ina kallon Leland yana kaɗa hular, yana kaɗawa, hannun ya fara sauka. Ya tsaya yana kallon tsohon da ya ƙi zuwa wata biyu da rabi, yau ya zo kuma bai ko ɗago kai ba. Ya mayar da hularsa, ya juya ya shige ciki. A lokacin na ji kamarar ta yi ƙara.

Baba ya sauke ta yana haki, yana murmushi, ya miƙo mini allon ya tambaye ni ko ya miƙe. Ya miƙe, Dwight. Kamar an ja shi da ma'auni. Ga gada, ga hayaƙin ruwa, ga hancin jirgi cif, babu kowa a kai.

Na so in zage ka a wurin, sunanka ya zo mini baki. Na san ba ka nufi haka ba, na san kai ka fitar da shi daga gida bayan ni na kasa, duk na sani, kuma bai rage mini haushi ko kaɗan ba. Na faɗa maka tun wasiƙar farko hannu ɗaya gare shi. Ka karanta sau uku, in ji ka, ka tafi gareji ka ƙera abin da zai cika masa hannun. Ni ma da nake zaginka ina kallonsa wata guda yana auna katanga, ban hango ba. Wannan ma yana cikin abin da ke cina.

Sai da muka shiga mota na kunna na'urar ɗumi, yana ta kallon hoton, ya matso da shi kusa, ya bi jikin ƙarfen da yatsa daga farko har ƙarshe. Can ya ce, “Bai fito ba ne?”

Na yi niyyar in ce sanyi ya hana shi. Ƙaryar tana bakina, mai sauƙi ce, da ya yarda. Sai maganarka ta faɗo mini, cewa ban taɓa buɗe baki a tsakaninsu ba. Na ce, “Ya fito, Baba. Har hula ya cire maka. Ya daɗe yana ɗagawa.”

Na ja mota muka wuce danja biyu. Daga nan ya ce in tsaya gefen titi in ba shi wayata, in danna masa lambar Leland. Ban san ya san ina da ita ba. Ya kara a kunne da hannun nan ɗaya. Jirgin ya riga ya yi nisa cikin tafki, inda waya ba ta kamawa. Ya riƙe ta har ta yanke, ya ce in sake dannawa, ta sake yankewa. Ya ce gobe za su iso kusa da gaɓa wajen Soo, in tashe shi da wuri.

Goben ita ce yau. Mun gwada sau huɗu tun safe. Na ƙarshen ta shiga, ta yi ta ringi, ba a ɗauka ba. Wataƙila yana bakin aiki. Baba yana zaune a kicin da wayar a gabansa, ya ƙi shan kofinsa don kada ta yi ƙara hannunsa yana riƙe da wani abu.

Hoton yana cikin ambulan ɗin nan, shi ya ce in aiko maka tun da ka yi alkawari. Ka kafa shi inda ka ga dama. Kada dai ka rubuto mini ka ce ya yi kyau.

Marlys